Injin Maraɗi da Farin Sa

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A tasha a tambaye ni, a bakin masallaci a tambaye ni, har mai shayin unguwarmu sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai miƙo ba sai na faɗa masa yadda aka yi na je sayen inji na dawo ba inji. Abin da ya fi damuna shi ne, duk lokacin da na ba da labarin sai in ji ya ɗan bambanta da na jiya, ni kuwa ina tsoron a rubuta mini ƙarya. Ga kuma Iro yana yawo da nasa labarin, wanda rabinsa ƙari ne. Shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Sunana Rabe. A Dutsin-Ma nake zaune, ina da tsohuwar mota mai dogon baya da nake jigilar mutane da kaya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Gonarmu ta gado tana Tamawa a hannun ƙanena Sada, can kuma shanun huɗata biyu suke, Ja da Fari. Iro taubashina ne, ɗan kawuna. Gyaran babur da injin ban-ruwa yake yi, amma in ana maganar mota bakinsa ya fi na kowa.

Bara motar ta fara ciwo. In ta zo hawa sai ta riƙa nishi, har fasinja su fara yi mata sannu. Mai kuma ta riƙa sha kamar an huda tanki. 'Yan acaɓa in sun biyo bayana sai su wuce suna toshe hanci suna zagina. Wata ɗalibar jami'a ta taɓa sauka a tsakiyar hanya ta ce gara ta taka da ƙafa.

Iro ya leƙa ya ce, "Wannan injin ya gama aikinsa na duniya. A sauke shi a ɗora na Beljiyam, irin na hannu da ake kawowa daga Turai, ka huta."

Na kai ta wajen Baba Tanimu, wani tsohon bakanike a Kurfi. Shi kuma ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani. Ka bar mini ita in buɗe, in ga abin da ke ciki, in gyara." Na ce in an buɗe aka tarar babu abin gyarawa fa? Ya ce sai a rufe. Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba.

Wata huɗu ina auna maganar. In na gyara, kuɗin tunkiya ɗaya sun isa, amma wa ya san ko bayan sati biyu ciwon zai dawo? In na canza, motar za ta yi ƙarfi, amma kuɗin sai na sayar da sa guda, garma kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya. Damina in ta zo sai dai mu koma haya ko fartanya. Kuma injin da zan saya ban san hannun da ya fito ba, cinikin biri a sama ke nan. Da safe in tashi ina bayan Baba Tanimu, kafin la'asar na koma bayan Iro. Matata ta ce ko a cikin barci ina cewa "a canza, a'a a gyara".

Iro ne ya gaji. Ya ce ya san wani Alhaji a Maraɗi mai kawo injuna masu kyau, sun fi na Katsina sauƙi. Mu tafi da motar, a ɗora a can, mu dawo da sabon jini. Muka je Tamawa muka sami Sada. A gabana Iro ya ce masa, "Ka san yayanka, in aka jira ya yanke shawara sai shanun sun tsufa. Ranar kasuwar Kurfi, kwana uku ke nan, in ba ka ji daga gare mu ba, ka kai Fari ka sayar, ka tura wa Alhajin kuɗin. Shiru ma amsa ce."

Na buɗe baki zan yi magana, sai Fari ya ɗago kai ya dube ni. Wallahi ya dube ni. Na tsaya ina kallonsa, shirun nan kuwa aka ɗauke shi a matsayin na yarda.

Washegari muka tashi bayan sallar asuba. Na ɗauki galan ɗin baƙin mai, da jarkar ruwa biyu, da taya biyu, da igiya, da tabarma, da ƙuli-ƙuli, da takardun mota a cikin leda uku, wata cikin wata. Iro ya ɗauki hularsa kawai.

Ni dai tuƙina sananne ne, ba na gudu. Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi na tsaya sau biyu na duba ruwa. Daga Kurfi zuwa Katsina wani mai amalanken shanu ya yi mana sallama, muka gaisa har da tambayar iyali, ba tare da ɗayanmu ya tsaya ba. Iro ya ce, "Kai ɗan mace, in da ƙafa muka taho da yanzu mun sha hurar Maraɗi. Taka mana!" Na ce wanda ya taka mara lafiya shi zai ɗauki gawa.

A Jibiya muka ci waina, rana ta take muka isa kan iyaka. Tun daga nesa nake jin tsoro, ko da yake ban ɗauko abin kowa ba. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce, "Me kuka ɗauko?" Iro ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Na ce, "A'a Iro, ka ji tsoron Allah." Na fito na buɗe baya, na shiga faɗa masa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ƙuli-ƙuli na ce masa mun ci wani a hanya, saboda haka ba yadda ya taho yake ba. Motoci suka yi layi a bayanmu suna ta oda. Mutumin ya ce, "Malam, don girman Allah rufe ka tafi." Na ce akwai allura da zare a cikin akwatin gaba. Ya juya ya bar ni tsaye.

A ɓangaren Nijar abin ya sha bamban. Jandarma ne dogo siriri, ya sara mini kamar ni ne babbansa, sannan ya ce, "Takardu." Na kwance leda uku yana jira. Ya sa na buɗe gaban mota, ya goge wani wuri a jikin injin da tsumma, ya gwada lambar da ke nan da wadda ke cikin takarda. Shekara tara ina tuƙa motar nan ban san inji yana da lamba ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in mutum ya canza inji fa?"

Ya ce, "Sai ya zo da takardar sabon."

"In wanda ya sayar masa bai ba shi ba fa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sai ya zamna nan tare da mu."

Iro ya taka mini ƙafa. Daga nan har Maraɗi ina hango kaina zaune a kan bencin nan na jandarmomi, damina tana wucewa. A nan ne kuma wayata ta daina aiki, ta Iro ma haka. Ya ce kada in damu, ai shiru muke so.

Da la'asar sakaliya muka shiga Maraɗi. Garin bai yi mini baƙunta sosai ba, Hausa ce dai, sai dai in suna magana kamar kakata ce ta dawo duniya, sai kuma su jefa Faransanci a tsakiya. Abin da muke kira Beljiyam su okaziyo suke cewa. Alhaji Isuhu, mai injunan, mutum ne mai jiki da fara'a. Da ya ji daga inda muka fito ya ce, "Ah, 'yan tsaron gida ne! Mu ne Katsinawan asali, mun bar muku garin ku riƙe muna, ina hwatan ba ku ɓata shi ba." Iro ya ce, "Ai wanda ya gudu ba ya tambayar kayan da ya bari." Suka tafa kamar sun shekara da sanin juna.

A zauren gidansa ya sauke mu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, wannan kam kamar a gida. Abin da ya ba ni mamaki burodinsu ne. Dogo ne kamar ƙotar fartanya, a hammata ake ɗauko shi ba leda ba komai. Na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Na ɗauka na jiya ne aka ba mu, na yi shiru don kada in kunyata mai gida, ashe a lokacin aka fito da shi daga wuta. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. A ɗan ƙaramin kofin gilashi ake zubawa, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na yi godiya na tashi. Aka ce ina za ni, saura biyu. Wai sau uku ake sha, wanda ya sha na fari ya tashi ya raina mai dafawa. Na koma na zauna. Ban runtsa ba sai da aka yi kiran assalatu.

Washegari aka kai mu wajen injuna. Fili ne babba da rumfar kwano, injuna a jere kan tsofaffin tayoyi, layi biyu, dama da hagu, kowanne an wanke shi yana ƙyalli. Iro ya shiga tsakaninsu kamar wanda ya zo zaɓen amarya. Ya ƙwanƙwasa wannan, ya shinshina wancan, ya tsaya kan wani a layin hagu ya ce, "Wannan ne. Dubi yadda yake sheƙi. Wannan ko a Turai bai yi wahala ba, wata tsohuwa ce ke zuwa asibiti da shi."

Na ce ta yaya za mu san yana tashi? Aka kawo batir da gorar fetur aka tayar da shi nan a ƙasa. Ya yi ƙara kamar zai tsaga rumfar, yana tsalle a kan taya, mutum biyu sun danne shi. Iro ya ce, "Ka ji lafiya!" Ni ban ji komai ba sai kunnena da ya toshe. Na ce inji marar salansa ai ko mai ciwo ne haka zai yi ihu.

Na tambayi Alhaji ko zai zauna daidai a motata. Ya ce sai an ɗan yanka ƙarfe an yi walda. Na tambayi takarda, ya ce za a rubuta. Na tambaya in ya lalace a hanya fa, ya ce, "Malam Rabe, ni inji nika saidawa, ba ƙaddara ba." Na ce zan yi tunani. Muna cikin haka rana ta take, sai na ga kowa yana rufe shago. Na tsorata, na ce ko rasuwa aka yi? Aka ce a'a, hutun rana ne, sai bayan azahar. A Dutsin-Ma wanda ya rufe shago da rana tsaka sai a je gida duba shi.

Da yamma muka koma, na sake zagaya injin sau bakwai ko takwas. Na ce zan yi istihara. Iro ya ja ni gefe ya ce, "Gobe ne fa kasuwa. Ko ka so ko ka ƙi, Fari ya tafi. Gara ka koma da inji da ka koma da hannu biyu." Wannan maganar ta shige ni.

Da hantsi ranar kasuwar na je na ce wa Alhaji to, a fara shiri, amma ban ce na saya ba tukuna. Ya yi dariya ya ce ba komai, ai da sauran mataki. Ashe su a can ba a sauke tsohon inji sai an duba shi. Musaya ake yi, ka bar musu naka, su rage maka wani abu, ragin kuwa ya danganta da lafiyarsa. Ya ƙwala kira, "Malam Habu!"

Wani ɗan tsamurmurin dattijo ya fito daga ƙarƙashin wata mota, da kofin shayi a hannu. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce in tayar. Na tayar. Ya saurara kaɗan ya ce, "Hayaƙin da takan yi, baƙi ne ko shuɗi?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Motarka ce?"

Na ce, "Tawa ce, amma ni kullum a gaba nake, hayaƙin kuwa a baya yake fita."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Wata huɗu ina fama da tunani, ban taɓa sa wani ya taka mini totur na zagaya na duba ba. Iro ma da ya yanke wa injin hukuncin mutuwa bai duba ba. Malam Habu ya karɓi farin hankicina ya kara a bakin salansa, ya ce a taka. Ya ɗago shi baƙi ƙirin. Ya murza da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Wanga ba baƙin mai yaka ƙonawa ba. Fetur ne ya yi mai yawa, iska ta yi mai kaɗan. Shaƙe shi aka yi."

Ya kwance fulogi, ya sa na toshe ramin da babban yatsana, ya ce Iro ya murza makulli. Iska ta ture yatsana da ƙarfi. Haka muka yi duka ramuka huɗu. Ya gyaɗa kai. Ya buɗe murfin da iska ke bi, ya zaro matacin, ya buga shi da ƙasa. Abin da ya zubo ya isa a shuka gyaɗa. Ya kwance kafireto ya wanke, ya ciro wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar dawa mai ɗan ramin da fetur ke bi, ya ɗaga shi ga rana ya ce, "Wa ya soka ma wanga waya?" Iro ya ce shi bari ya je ya kama ruwa. Na tuna bara ya taɓa cewa zai buɗe mata maƙogwaro don ta ƙara gudu. Ban zarge shi ba, domin ban gani da idona ba.

Ya sa wani ƙarfen, ya ɗaure komai, ya ce in tayar. Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya ɗora a kan injin. Shayin ya riƙa rawa yana neman zubewa. Ya kafa dogon sukundireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ɗaya hannun yana murɗa wani abu a hankali, idonsa a kan kofin. Rawar ta ragu. Ya ƙara murɗawa. Ta ƙara raguwa. Can sai shayin ya kwanta lif kamar a kan tebur aka ajiye shi. Ya ɗauka ya kurɓa.

Jama'a, na ɗauka motar ta mutu ne. Sai da na sa hannu na ji tana numfashi. Tun da na saye ta ban taɓa jin muryarta haka ba.

Malam Habu ya ce wa Alhaji, "Lahiyarshi lau. A sauke."

Na ce, "In an sauke sai a kai shi ina?"

Ya ce, "A wanke shi da gas, a aje can." Ya nuna layin hagu da haɓa.

Na dubi layin hagu. Na dubi injin da Iro ya zaɓa, na tsohuwar Turai mai zuwa asibiti. Na ce, "Alhaji, na hagun nan daga ina suke?"

Ya ce, "Na dama su ne suka zo ta jirgin ruwa. Na hagu na gida ne, irin naka, Malam Habu ya taɓa su. Ba ku tambaya ba, ɗan'uwanka ya ce wanga yaka so."

Wato in sayar da Fari, in bar injina mai lafiya, in ɗauki na wani da aka yi wa irin wannan gyaran, a yanka mini mota a yi walda. Sannan wani bawan Allah ya zo daga wani ƙauye ya sayar da nasa san ya sayi nawa. Na ce, "Alhaji, don Allah ina da tambaya. Maganar da na yi ɗazu, ta zama ciniki? Na ce a fara shiri, amma na ce ban ce na saya ba. In ta zama ciniki ka faɗa mini, ba na son haƙƙinka."

Alhaji ya juya ga Malam Habu ya ce, "Kai kuma cewa na yi ka duba, ban ce ka warkar ba!"

Malam Habu ya ce, "Ni ban iya jin inji yana kuka in ƙyale shi."

Alhaji ya ce, "Tashi ka tai, Malam Rabe. Kwana biyu kana zagaya inji kamar mai ɗawafi, ko sau ɗaya ba ka ce ka saya ba. Sallami Malam Habu kawai." Na biya shi haƙƙin aikinsa, na ƙara masa da sauran ƙuli-ƙulin. Na nemi gafarar Alhaji sau uku saboda tuwonsa da muka ci.

Sai a lokacin Fari ya faɗo mini a rai. Na dubi rana, hantsi ya dubi ludayi.

Alhaji ya ba ni wayarsa, na kira Sada. A kashe. Na sake kira. A kashe. Na san halinsa, ranar kasuwa wajen mai caji yake fara kai ta, ba ya karɓa sai zai koma gida. Na kira matata, ta ce ita tana Dutsin-Ma, me za ta iya? Na ce ta nemi wanda za ta aika, ta ce wa za ta aika da zai gane Sada a cikin kasuwa, ya kuma yarda da shi?

Na ce, "Iro, shiga."

Abin da ya faru a hanyar nan shi ne Iro yake ƙara wa gishiri, don haka zan faɗe shi yadda yake. Na taka, motar ta amsa. Na ƙara takawa, ta ƙara amsawa. Allurar gudun ta kai inda ban taɓa ganinta ba. Ban san lambar ba, domin tsoro bai bar ni na sake dubawa ba. Iro ya riƙe ƙofa da hannu biyu. Mutumin da ya yini yana ce mini taka, shi ne ya koma, "Yaya Rabe, a hankali, ina da 'ya'ya ƙanana." Tun muna yara bai taɓa ce mini yaya ba sai ranar.

A kan iyaka jandarman nan ya gwada lamba ya ga tana nan yadda take, ya sara mini. A ɓangarenmu kuwa mutumin shekaranjiya ne. Yana hango ni ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Wuce! Wuce, Malam, na yarda!" Na so in gaya masa ƙuli-ƙulin ya ƙare, amma ba lokaci.

Muka wuce Jibiya, muka ratsa Katsina. Azahar ta yi mana a hanya. Na ce Iro, ya halatta mu jinkirta? Ya ce mu matafiya ne, ko malamin da ya fi kowa tsanani zai yarda, in dai mun isa da rai. A hawan da motar ta saba nishi, sai ga ni ina wuce wata bas. Direban ya san ni, ya leƙo da baki buɗe.

Muka shiga Kurfi kasuwa ta cika maƙil. Na ajiye motar a bakin hanya na kutsa wajen dabbobi a guje. Na taka kashin shanu, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki, ban waiwaya ba. Farare sun fi ashirin a wurin, kowanne na duba ba shi ba ne. Can gindin wata bishiyar bedi na hango hular Sada. Dillali ya riƙe hannunsa yana girgizawa, ɗaya hannun ya riƙe na wani mahauci mai jar hula, yana ƙoƙarin haɗa su. Ga Fari a tsaye yana tuƙa. Dillalin yana cewa, "Sallama mana, Sada! Ka ce ka sallama!" Na ga Sada ya buɗe baki.

Daga inda nake na ƙwala, "Albarka!"

Kowa ya juyo. Na iso ina haki na ce, "Albarka. Ni ne mai shi. Albarka."

Mahaucin ya dube ni, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ya ɗauka salon ciniki ne. Ya ƙara tayi. Na ce albarka. Ya sake ƙarawa. Dillali ya saki hannun Sada ya cafke nawa, yana cewa, "Haba Alhaji, wannan tayin ko a Legas sai haka!" Iro ya iso ya raɗa mini a kunne, "Kai, da wannan kuɗin har na layin dama za mu saya."

Na ce, "Sada, ka furta?"

Ya ce, "Ban furta ba, Yaya. 'Sa' ɗin 'sallama' kawai na ce, ka yi ihu."

Na tambayi dillali, na tambayi mahaucin, na tambayi wani dattijo da ke zaune a wurin, duk suka shaida bai ƙarasa ba. Na ba mahaucin haƙuri, na ba dillali na goro saboda yawun da ya ɓata, ya karɓa yana cewa bai taɓa ganin irina ba. Na zare igiyar daga hannun Sada na naɗe ta a nawa.

Iro ya ce tunda ni zan ja sa, in ba shi makulli ya kai motar gida, a hanya ma ya ɗan saurari kafireton. Na ce a'a. Sada ya ce to in ba shi igiyar ni in tuƙa. Na dubi mahaucin, yana nan tsaye bai tafi ba, idonsa a kan Fari. Na ce a'a.

Haka na kulle motar a bakin kasuwar Kurfi, na sa makullin a aljihu, na ja Fari da ƙafa har Tamawa, da takalmi ɗaya. Sai da na ɗaure shi kusa da Ja, na ga sun sa baki a kwando ɗaya, sannan na nemi ruwan alwala.